Ƙuri'a Daban, Wakili Daban

 Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, shi ya sa duk lokacin da Amurkawa suka shiga zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa nakan kasa kunne, ina rubuta alƙaluman da aka faɗa. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na jihar Ayowa, wadda ta riƙa buɗe fagen tun 1972.

A tsarinsu na gargajiya ba a yini ana jefa ƙuri'a. 'Yan jam'iyya kan hallara da ƙarfe 7 na dare, a tsakiyar hunturu, cikin makarantu da majami'u da ɗakunan karatu. A yi jawabai, kowa ya nuna gwaninsa, sa'an nan a zaɓi wakilan da za su je taron gunduma. Daga gunduma sai taron jiha, daga can sai babban taron ƙasa, inda wakilai ke tsayar da ɗan takara.

To, mutum nawa ke fitowa? A 2008, shekarar da Barack Obama ya yi nasara a Ayowa, 'yan Dimokurat kimanin 239,000 suka fito, aka ce ba a taɓa ganin irin wannan cikowa ba. Ran 15 ga Janairu 2024 kuwa, cikin matsanancin sanyi, 'yan Rifablikan wajen 110,000 kurum suka fito daga cikin kimanin 750,000 da ke da rajista. Watau a cikin mutum bakwai, shida suna gida. Ba duka ne ragwaye ba. Akwai mai aikin dare, akwai mai jego, akwai tsohon da ba ya iya fita cikin ƙanƙara. Amma ba a ƙirga uzuri, kai ake ƙirgawa.

Abin da ya faru a 2012 shi ne darasin da nake so mu duba. A daren taron aka ce Mitt Romney ya ci da ratar ƙuri'a 8. Bayan mako biyu aka gama tantancewa, sai ga Rick Santorum a gaba da ƙuri'a 34. Jaridu suka yi ta surutu a kan mutum biyun nan, aka manta da Ron Paul wanda ya zo na uku. Su kuwa magoya bayansa ba su tafi gida bayan ƙirga ƙuri'a ba. Suka zauna har aka zo zaɓen wakilai, suka bi taron gunduma da na jiha ɗaya bayan ɗaya. Da aka je babban taron ƙasa, wakilai 22 daga cikin 28 na Ayowa Ron Paul suka zaɓa. Dole jam'iyyar ta gyara dokarta kafin 2016, ta ɗaure wakilai da sakamakon ƙuri'a.

A 2020 ma, a wajen 'yan Dimokurat, Bernie Sanders ya fi yawan mutane, amma Pete Buttigieg ya samu wakilai 14, shi kuwa 12, saboda ana raba wakilai ne mazaɓa-mazaɓa. Wanda ya tara jama'arsa wuri guda, mai watsuwa ko'ina yakan fi shi.

Wannan lissafi ya shafe mu, mu da ba mu da yawa a ƙasar nan. Kullum kukanmu shi ne yawanmu bai kai a saurare mu ba. Amma ni ganau ne: a taron iyaye da malamai na makarantarmu, iyayen zango sukan cika benci da farko, da an gama jawabin hedimasta sai kowa ya kaɗe rigarsa ya nufi kasuwa. Zaɓen 'yan kwamiti kuwa, masu yanke shawarar kuɗin da za a ɗora wa kowane yaro, a ƙarshen taro ake yinsa, sa'ad da saura mutum goma sha. Bayan nan sai a zo ana yi mini ƙorafi a bakin masallaci.

Taron jam'iyya na unguwa ma haka yake, domin daga can wakilai ke fitowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In an kira taro, ɗan'uwa ka je, ka kuma zauna har a yi addu'ar tashi. Allah ya sa mu dace, amin.