Ranar da na kai yarana daji

Uwargida, idan aka ce miki "daji" a yau, me ke fara zuwa miki a rai? Na san ba inuwa ba ce, ba kuma kukan tsuntsaye ba.

Ranar da na ce wa yarana gobe za mu je daji, Ummi, mai shekara tara, ta ajiye cokali ta ce, "Mama, ba can ake sace mutane ba?" Jikina ya yi sanyi. Shekararmu uku a Ingila, inda nake aikin jinya, amma ashe duk wayar da nake yi da gida, da jajen da ake yi, da labarin kuɗin fansa, yarinyar nan tana naɗewa. Na fito daga aikin dare huɗu a jere, barci kawai nake so, amma wannan tambayar ta sa na ce tafiyar nan ba fashi.

Dajin Sherwood muka je. Yana gefen wani ƙauye mai suna Edwinstowe, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Nottingham. Shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai za ki biya. A bakin dajin akwai ginin karɓar baƙi da aka buɗe a 2018, da banɗaki da wurin shan shayi, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wurin. Hanyoyin duk an yi musu alama, akwai gajera akwai doguwa. Mun ɗauki gajerar, wadda ba ta wuce kilomita biyu da rabi ba zuwa da dawowa, har keken jariri na ga ana turawa a kanta.

Da farko Ummi ta ƙanƙame hannuna. Ƙaninta Khalifa kuwa ya hango kurege ya haye bishiya, shi ke nan muka rasa kansa. Can sai muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga sama, kamar kafinta na buga ƙusa. Maƙwaƙƙwafi ne, tsuntsun nan mai saran itace da baki. Muka tsaya muna ɗaga kai har wuya ya gaji kafin muka gan shi, baƙi da fari da ɗan ja a ƙasan wutsiya. Ban san lokacin da Ummi ta saki hannuna ba.

Ki san cewa dajin nan ma ya taɓa zama wurin tsoro. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ya zama dajin farautar sarakuna. A lokacin faɗinsa ya kai eka 100,000, da ƙauyuka da gonaki a ciki, kuma talakan da aka kama ya harbi barewar sarki ya shiga uku. Daga wannan zamanin tatsuniyar Robin Hood ta fito, ɗan tawayen da aka ce yana ɓuya a dajin, yana tare masu kuɗi yana raba wa talakawa. Babbar hanyar Landan zuwa York ta nan ta ratsa, matafiya na wucewa da zullumi. Yau abin da aka killace bai kai hekta 500 ba, kuma tsofaffi ne ke yawo a ciki da sanda, da iyaye mata da goyo.

Bayan tafiyar kamar minti ashirin hanya ta buɗe, sai ga ta. Major Oak ake kiranta, bishiyar oak da aka ƙiyasta shekarunta tsakanin 800 zuwa 1,000 ko fiye. Kaurin gindinta ya kai mita 10, rassanta sun bazu mita 28, nauyinta kuma an ce ya kai tan 23. Sunan ta samo shi ne daga Manjo Hayman Rooke, wani tsohon soja da ya yi rubutu a kanta a 1790. Cikinta kogo ne, wai a nan Robin Hood da yaransa ke kwana. Idan kin taɓa tsayawa gindin tsohuwar kuka, kin san yadda mutum ke jin kansa ɗan ƙarami. Haka na ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sandunan ƙarfen da aka tokare rassanta da su, kamar tsohuwa mai dogara sanda. Fiye da shekara ɗari ke nan ana tallafe da ita. Khalifa ya so ya taɓa ta, amma akwai shinge. Tun shekarun 1970 aka kewaye ta, domin ƙafafun masu zuwa kallo sun daddaɓe ƙasar har ta yi tauri, ruwa da iska suka kasa isa ga saiwoyin. Na yi dariya ni kaɗai, don na tuna asibiti a gida, 'yan dubiya goma sha biyar sun kewaye gadon mara lafiya, kowa da kwanon abinci, mu kuma muna roƙo, "Don Allah ku ɗan ja baya ya sha iska." Ba mugunta ta kawo su ba, ƙauna ce. Bishiyar nan ma masoyanta ne suka so su kashe ta.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai tsofaffin bishiyoyin oak kusan dubu a dajin, da yawa sun haura shekara 500. Wasu sun bushe a tsaye, wasu sun faɗi, kuma ba mai ɗauka. Na kalli wani gungume na ce a raina, wannan ai girkin wata guda ne. An bar shi da gangan, saboda ruɓaɓɓen itace gidan ƙwari ne da naman kaza, su kuma ƙwarin abincin tsuntsaye da jemagu ne. Ba na ganin laifin matar da ke hura itace don gas ya fi ƙarfinta. Amma ya sa na yi lissafin tsamiya da ɗorawa nawa na sani a garinmu da yanzu sun zama gawayi.

Wani abin da zai ba ki mamaki: yautai na zuwa nan. Wannan tsuntsun na dare da ake tsoratar da mu da shi muna yara, wani jinsinsa na tasowa daga Afirka kudu da Sahara, ya iso wajen watan Mayu, ya yi ƙwai a ƙasa a filayen gefen dajin, sannan ya koma kafin sanyi. Turawa har fitowa suke da magariba don su ji kukansa. Ummi ta ce, "Ashe shi ma baƙo ne kamar mu."

Bari in sa hular aikina kaɗan. Duk dajin da za ki shiga da yara, a can ko a nan, sa musu dogon wando da takalmi rufaffe. A dazukan Ingila akwai kaska, wadda kan ɗauki cutar Lyme. Idan kun dawo duba bayan kunne, hammata, ƙugu da bayan gwiwa. In kin ga ta maƙale, kama ta da ɗan hantsaki daf da fata ki ja a hankali kai tsaye, ban da matsewa ko ƙonawa. In jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki ko makonni, ko zazzaɓi, a je asibiti. Kada yaro ya ci naman kaza ko 'ya'yan itacen da bai sani ba. Ki tafi da ruwa, da guzuri, da darduma. Karnuka da yawa za ki gani tare da masu su, gara ki shirya wa yara zukatansu tun daga gida.

A hanyar dawowa Ummi ta tambaye ni ko na taɓa shiga daji a gida. Sai na ba ta labarin yadda muke bin kakarmu tsinkar kanya da magarya da ɗinya, mu dawo baki ya yi baƙi, ba mai tsoron komai sai ƙaya da kunama. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" Ban da amsa. Labarin tsoron kawai take ji a bakina.

Ba cewa nake ki ɗauki yara ki nufi inda babu tsaro ba, Allah Ya kiyaye. Amma in akwai gona ko lambu kusa da gari inda hankali ke kwance, ko tsohuwar kuka a bayan unguwa, ki kai su wata Asabar, a bar waya a jaka. Ki nuna musu bambancin marke da gawo, ki tambayi wani dattijo shekarun bishiyar. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a dazukanmu.

Ke fa, wace bishiya ce mafi tsufa a garinku, kuma tana nan har yanzu? Ki rubuto mana a ƙasa, zan karanta wa Ummi.