Tumakin Inna a ƙasar Dambatta

Bayan an gama roron wake na bi wani malamin dabbobi zuwa ƙauyukan Dambatta, a hanyar Kano zuwa Daura. Baƙo zai yi ta mamakin inda dabba ke kiwo a ƙasar nan, don gona ce ke bin gona har gindin danga. Da damina tumaki a turke suke yini, sai ciyawar da yara suka yanko musu. Yanzu kuwa ga harawa nan jibge a kan rassan bishiyoyi, an ɗaga ta sama saboda awaki.

Muka bar kwalta, babur ya kai mu gidan wata dattijuwa mai tumaki 'yankasa. Kukanta ɗaya ne, tun bara babu wadda ta ɗauki ciki.

"Inna, ina ragon gidan?"

"Ɗan nan, ai Layya ta tafi da shi. Na maƙwabta ma duk an kai kasuwa."

Malamin ya dafa bayan wata tunkiya, yatsunsa suka bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa, babu tsokar da ta tare su. Ya ce rashin rago matsala ce, amma ko an kawo shi yau, wannan ba lalle ta karɓi barbara ba, domin izinin daga ka yake fitowa.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashen da ke sakin sinadarin GnRH, tsiri-tsiri, lokaci bayan lokaci. Sinadarin yakan gangara zuwa wani ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashi, shi kuma ya saki nasa sinadaran cikin jini, su je su nunar da ƙwan haihuwa. Idan sakin ya yi sauri, tunkiya ta nemi rago, kusan duk kwana 17. Idan yunwa ta ci jikinta, ƙwaƙwalwa ta ja birki. Ni dai ban ga laifinta ba: cikin wata 5 da shayarwa ba aikin ramammiya ba ne.

Tumakin Ingila gajartar yini suke jira kafin su yi barbara. Namu ba ruwansu da wannan, suna haihuwa kowane lokaci, sai dai abinci ya hana. Warin rago ma yana da nasa aiki. Tunkiyar da ta daɗe ba ta ga namiji ba, da ta shaƙi warin gashinsa sai sakin sinadarin ya ƙaru cikin mintuna.

Ilimin nan kansa tumaki ne suka biya kuɗinsa. Daga ƙwaƙwalen tumaki masu ɗimbin yawa da aka tattaro a mahauta Roger Guillemin ya tace sinadarin a Amurka, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1977 da Andrew Schally da Rosalyn Yalow. A 1982 Iain Clarke da James Cummins suka auna fitarsa a jinin tunkiya mai rai a Ostareliya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ragunan. Mafi kyau ake ɗaurewa a yi wa kiwon Layya, dusa da ɓawon wake duk nasa, matan kuma su samu ragowa.

Malamin ya ce wa Inna ta ƙara musu harawa da dusa na 'yan makonni, sannan ta aro rago. Ta dube shi, ta dubi buhun da babu komai a ciki.

"To Malam, dusar kai za ka saya?"