Isa Ta Narambaɗa Ce

Yau in ka ambaci Isa ko Sabon Birni a Kano ko Zariya, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne 'yan bindiga, da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka, da bayin Allah da suka tsallaka yankin Maradi gudun hijira. Abin yana ci mini rai, domin ƙasar nan ce ta ba Hausa Ibrahim Narambaɗa Tubali.

Da waƙar noma ya fara, kafin ya rataya kotso ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Wanda duk ya natsu ya saurari waƙarsa Bakandamiya ya san mutumin nan ya wuce maroƙi. Yakan yabi sarki, ya juyo ya yi wa 'yan sarki masu hangen gadon sarauta zambo, ya wasa kansa, ya saƙa karin magana a tsakiya, 'yan amshi na karɓa ba tuntuɓe, duk cikin Gobirancinsa. Ko dokin da ya waƙe a Dokin Iska Ɗanhilinge, sai da ya ba shi hali da zuciya. A wurina, a cikin makaɗan fada babu na biyunsa.

Mu dubi yadda wasu ke adana nasu. Girkawa na da wani mawaƙi, Kabafis, wanda aka haifa a Iskandariyar Masar a 1863, ya rasu a can a 1933. Ma'aikacin ofishin ban ruwa ne, a 'yan takardu yake raba wa abokai waƙoƙinsa. Bayan rasuwarsa mutanensa suka tattara guda 154 suka buga a 1935, gidan da ya zauna kuma ya zama gidan tarihi.

Mu fa? Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, Allah ya saka masa da alheri. Amma sauran ilimin yana bakin tsofaffin da suka san wa aka yi wa wane habaici, kuma a kan me. Rashin tsaro ya warwatsa su, mutuwa kuma ba ta jira.

Don Allah 'yan Gobir, in kuna da kaka ko tsohon bafade da ya ga zamanin Sarki Amadu, ku zauna da shi, ku kunna masa waƙoƙin Narambaɗa a waya, ku naɗi bayaninsa tun yana da rai.