Ragar da Ta Faɗa Mini Abin da Nake So

Ina yaro a Achida aka yi ambaliyar Satumba 2010. Kogin Rima ya cika ya batse, aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, ya shafe fadama har ya yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da birnin Sakkwato. Shinkafar mahaifina ta tafi a dare ɗaya. Shi ya sa da lokacin aikin kammala digirina na injiniyan gine-gine ya zo, na zaɓi lissafa ƙarfin jingar ƙasa, irin wadda ke tsare gona daga kogi.

Kwamfuta ba ta iya ɗaukar jinga dunƙule. Sai an yanka hotonta gunduwa-gunduwa kamar ragar masunta, kowane ido da ƙulle-ƙullensa, sannan a riƙa ɗora nauyi kaɗan-kaɗan, domin laka ba ta amsa nauyi daidai wa daida: in ta wuce iyakarta sai ta sulale, ba ta komawa.

Na fara da alwatika mai ƙulli uku, don ita ce ba ta wahalar da tsohuwar kwamfutata. Jingar ta tsaya ƙyam. Na ƙara nauyi, ta ƙi faɗuwa. Na yi murna, har na rubuta babi na huɗu.

Malamina ya duba, ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin lakar da ba ta gajiya?"

Mako uku na yi kafin in gane. Jiƙaƙƙiyar laka ba ta matsuwa nan take, ruwan cikinta ba ya samun mafita. Tana sauya siffa ne kawai. Alwatika mai ƙulli uku kuwa miƙewa iri ɗaya tak take iya nunawa a duk faɗinta, sai idanun ragar su cije da juna. Ƙarfin da na gani na ragar ne. Mai kusurwa huɗu da ƙulli huɗu ma ta cije. Tun 1982 Sloan da Randolph suka yi bayanin wannan tarko, ni ne ban karanta ba.

Da na koma alwatika mai ƙulli 15, kwamfutar ta kwana tana nishi. Da asuba layin zamewa ya fito, lanƙwasasshe, daga kan jingar zuwa gindinta, a nauyin da ragar farko ta ce babu komai. Saura kwana tara a miƙa aiki. Na goge babi na huɗu, na faɗaɗa gindin jingar, na sake farawa.