Inuwar Mutumin Ƙarfe

A tsakiyar birnin Strasbourg, gabashin Faransa, akwai tashar taram da ake kira Homme de Fer, wato Mutumin Ƙarfe. Sunan ya samo asali daga mutum-mutumin wani soja mai sulke da mashi, wanda aka kafa a bangon shagon wani maƙerin bindiga a ƙarni na 18. Kwafinsa na nan har yau, yana leƙen masu jira.

Abin da ya gani yana da yawa. A 1960 birnin ya sallami tsohon taram ɗinsa, domin an ɗauka zamanin mota ya zo. Motoci suka mamaye dandali, hayaƙi ya turnuƙe tsofaffin gidaje, mai tafiya a ƙasa ya koma raɓe-raɓe a garin haihuwarsa. A zaɓen 1989 aka ja daga: ko a haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a bar wa mota sarari, ko a maido da taram a rage mata hanya. Catherine Trautmann, mai goyon bayan taram, ta zama magajiyar gari. ƴan kasuwa da dama suka yi kuka, suna tsoron kada ciniki ya gudu tare da motoci. A Nuwamban 1994 layin farko ya soma aiki.

Yau layi 5 ne ke haɗuwa a nan, ƙarƙashin wata rumfar gilashi mai siffar zobe. Da sassafe a kan ga mai shara da ta gama aikin dare tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da lauya. Ba wanda kuɗinsa ke kawo masa jirgi kafin na wani. Tsohuwa mai sanda ba ta neman a ɗaga ta, don ƙofar kusan daidai take da daɓen tasha. Tun 2017 ma, wanda ya hau layin D zai iya ƙetare kogin Rhin ya sauka a Kehl, cikin Jamus, ba tare da ya canja kujera ba.

Cibiyar gari ƙarama ce, ba ta ɗaukar kowa da motarsa. Dole a zaɓi wanda za a matsa wa. Strasbourg ta matsa wa mota, ta buɗe wa mai ƙafa. Sojan da ke bango ya taɓa tallar makamai. Yanzu gadin masu jira yake yi.