Kaya ne ke zaɓen jaka

A ƘASAR Norwe, inda na ke zaune shekaru da dama yanzu, akwai wata al'ada da baƙo ba ya saurin gane kan ta. Da zarar hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta binne duwatsu, sai ka ga mutum da hankalin sa ya baro ɗaki mai ɗumi, ya ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, waɗanda su ke kira ski, ko kuma wani faffaɗan takalmi mai kama da faifai da ke hana ƙafa nutsewa, ya goya jaka, ya nausa daji ya kwana biyu ko uku a tanti. Doka ma ta ɗaure masa gindi, domin tun 1957 aka rubuta cewa kowa na iya kafa tanti a dajin da ba a nomawa, muddin ya ba gidajen mutane tazarar mita 150. Abokan aiki ne su ka ja ni cikin wannan harka, kuma yau shekara ba ta wucewa ban yi irin wannan kwanan daji sau uku ko huɗu ba.

Duk sabon shiga da ya zo neman shawara, tambayar sa ta farko ɗaya ce: wace jakar goyo ce ta fi rashin nauyi? Ni kuma amsa ta ba ta canzawa. Jaka ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya saya. Ka fara tara kayan da za su raya ka a cikin sanyin, ka auna su, sannan ka nemo jaka mafi sauƙi da za ta iya ɗaukar su ba tare da ta wahalar da kai ba. Wanda ya fara da jaka, ƙarshe sai ya riƙa rage kaya don su shiga, kuma galibi abin da ya ke ragewa shi ne abin da zai cece shi ranar da iska ta juya.

Bari in fara da wurin, don mai karatu ya san inda aka dosa. Mu kan hau jirgin ƙasan da ke tashi daga Oslo zuwa Bergen, mu sauka a Finse, tashar da ta fi kowace tsawo a kan wannan layi, mita 1,222 sama da teku. Mota ba ta zuwa garin. Masu kallon finafinan Amurka sun san wurin ko da ba su san sunan sa ba, don a nan ne aka ɗauki yaƙin cikin ƙanƙara na fim ɗin The Empire Strikes Back a 1979. Guguwa ta tsare ma'aikatan fim ɗin, har ta kai an ɗauki wata fitowa ta Mark Hamill da kyamara a bakin ƙofar otal, shi kuma ya na waje cikin iska. Kudu da Finse kuwa tudun Hardangervidda ne, fili fetal babu itace babu mafaka. A nan Roald Amundsen ya kusa rasa ran sa a 1896, lokacin da ƙanƙara ta daskare a kan sa cikin dare, sai da ɗan'uwan sa ya tono shi. Shi ne fa mutumin da ya fara isa ƙuryar kudancin duniya a 1911. To wurin da ya gigita Amundsen ba wurin zuwa da wasa ba ne.

Ga abin da ni na ke ɗauka don kwana biyu a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da sanyin dare kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Jakar barci mai gashin agwagwa, kusan kilo biyu, kuma ita kaɗai ta na cin kashi ɗaya cikin huɗu na cikin jaka. Shimfiɗa biyu, ta hura iska da ta soso, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki, kuma in ta hurawar ta fashe ta soson na nan. Rabin tanti, rabin kuma ya na wajen abokin tafiya. Risho da man sa. Man nan ya na da yawa saboda babu ruwa a sarari, duk abin da za ka sha sai ka narka ƙanƙara, kuma gas ɗin gwangwani na yau da kullum ya kan yi sanyin gwiwa da zarar an sauka ƙasa da sifili. Sai shebur, da buhun fakewa daga iska, da babbar rigar sanyi, da safar hannu ta canji, da fitilar goshi, da taswira da kamfas, da abinci, da fulas. In na ɗora duka a sikeli, tsakanin kilo 15 ne zuwa 17.

Kada a ɗauka tsoro ne ya sa ake jidar wannan kaya. A hutun Ista na 1967 mutum 18 su ka mutu a duwatsun Norwe, kuma bayan wannan ne ƙungiyar matafiya ta ƙasar, DNT, wadda aka kafa tun 1868, tare da Red Cross su ka dage wajen yaɗa ƙa'idojin hawan dutse da kowane yaro ya sani a yau. Cikin su akwai cewa ka tafi da shirin mummunan yanayi ko da gajeruwar tafiya ce, kuma ka tanadi ƙarfin ka ka nemi mafaka in ta kama. Mafakar nan sau da yawa rami ne da za ka haƙa da hannun ka cikin ƙanƙara. Don haka shebur mai giram 600 ba ya cikin abin da ake ciniki a kai.

To tunda haka ne, me ya sa ake damuwa da nauyi kwata-kwata? Dalilin gumi ne. Mai ɗauke da kaya fiye da ƙima ya na gumi, gumin ya jiƙa rigar ciki, da ya tsaya hutawa sai jiƙar ta koma sanyi. Ɗumin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani ya fara rikicewa, hannu ya kasa ƙulla igiya. Ga shi rana gajera ce, a tsakiyar hunturu hasken bai fi awa shida ba, mai tafiyar hawainiya dare zai riske shi kafin ya kafa tanti. Saboda haka rage nauyi gaskiya ne, a inda za a rage ne ake samun saɓani.

Jakunkunan da ke kasuwa sun kasu uku. Akwai na gargajiya masu kauri, da aljihu ko'ina, waɗanda ba komai a ciki ma sun kai kilo uku. A nan ƙasar, a 1908 ne wani mafarauci, Ole Bergan, ya lanƙwasa reshen itace ya tokare jakar sa da shi don ta daina cin bayan sa, daga nan ya ƙera jaka mai firam. A 1967 kuma Greg Lowe a Amurka ya mayar da firam ɗin cikin jakar, ta yadda za ta manne da jiki. Akwai kuma kishiyar su, jakunkunan da ba su da firam sam, waɗanda su ka yi tashe bayan littafin da Ray Jardine ya fitar a 1992 kan doguwar tafiyar ƙafa da kaya kaɗan. Wasun su rabin kilo ne kacal, da wani yadi da aka fara yi don filafilan jiragen ruwa na tsere. Sai na tsakiya, masu siririn firam na alminiyam, kilo ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi.

Ta rabin kilon nan ita ce ke ruɗar mutane, kuma a bazara ba ta da laifi. Amma an yi ta ne don kayan da bai wuce kilo goma ba. In ka ɗura mata 16 sai ta lanƙwashe, nauyin ya baro ƙugu ya dawo kafaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin jaki da kaya ya san aikin akumari: ba ya rage ko mudu ɗaya daga cikin mangala, amma in babu shi bayan jakin ne zai yi gyambo kafin a kai kasuwa. Firam da ɗamarar ƙugu su ne akumarin ɗan'adam. Na taɓa tafiya da wani saurayi mai irin wannan jaka, ya na alfahari ya fi ni sauƙi da kilo guda. Kafin azahar kafaɗun sa sun yi tsami, yatsun sa sun fara mutuwa saboda maɗaurin ya matse jini, dole mu ka raba kayan sa a tsakanin mu. Kilo gudan da ya tsira da shi a kanti, mu mu ka biya shi a kan dutse.

Tawa ta tsakiyar ce: lita 65, kilo ɗaya da giram 400. Ranar da zan saye ta na shiga kantin da kaya na cikin buhu biyu, da safar hannu ta mai kauri irin wadda ba ta da yatsu. Yarinyar kantin ta dube ni ta ce, "Ƙaura za ka yi?" Na ce mata gwaji na zo yi. Na ɗura kayan a jaka huɗu ɗaya bayan ɗaya, na sa safar, na gwada buɗe kowane maɓalli. Biyu daga ciki a nan su ka faɗi, don maɓallan su ƙanana ne, sai da tsirara hannu. A cikin kanti wannan ba komai ba ne. A iskar Finse kuwa, cire safa na minti ɗaya ya isa yatsu su daina jin magana.

Bayan maɓalli sai siffa. Mai zamiya a kan alluna kullum cikin karkata ya ke, don haka jaka mai faɗi ko mai tsawo sama da ƙeya za ta riƙa fizgar sa a kowace kwana. Siririya ake so, wadda ta lafe a baya, a sa kaya masu nauyi kusa da ƙashin baya, jakar barci a ƙasa. Aljihun raga da ke burge mutane a bazara, a hunturu ƙanƙara ya ke tarawa, kuma kaifin allo ko haƙoran takalmin ƙanƙara na yaga shi nan da nan. Haka ragar da ake sawa a baya don shan iska. Gara yadi sumul mai ƙarfi a gefe da gaba, da maɗauri biyu a kowane gefe, dogaye, waɗanda za su riƙe allunan in an zo inda sai an taka da ƙafa, ko su ɗaure takalman a bayan jaka. Zif kuwa, iya ƙarancin sa iya kwanciyar hankali, don ya kan daskare. Bakin da ake naɗewa ya fi, ga shi ya na ƙara wuri in kaya sun yi yawa.

Abu biyu kuma ba na sassauci a kan su. Na farko, shebur ya samu wurin sa da za a zaro shi ba tare da an zazzage jaka ba. A gangaren da ƙanƙara ke zaftarewa, inda ake haɗawa da sandar bincike da na'urar gano wanda ya binne, mintoci 15 na farko su ne kusan komai, bayan su damar fito da mutum da rai ta na faɗuwa da sauri. Na biyu, ɗamarar ƙugu ta iya matsewa a kan riga ɗaya lokacin tafiya, ta kuma buɗe a kan riga huɗu da safe. Tsawon bayan jakar ma da awon sa, daga ƙashin da ya ɗago a gindin wuya zuwa saman ƙugu, kuma tsawon mutum kaɗai ba ya nuna shi. Jakar ruwa mai tiyo kuwa a bar ta a gida, tiyon ne ke fara daskarewa. Gora a cikin safa, a kife ta, domin ruwa daga sama ya ke fara ƙanƙara.

Wani zai ce, ai 'yan Norwe da yawa ba sa goyon kaya, ja su ke yi. Gaskiya ne. Su na da wani ɗan kwalekwale da su ke kira pulk, a ɗaura shi a ƙugu a ja, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri irin Hardangervidda ya na ɗaukar ninkin abin da baya zai iya. Amma a cikin kurmi, ko a hawa mai tsini, ko a gefen gangare, ya kan kife ya zama alaƙaƙai. Wanda tafiyar sa ta takalmin ƙanƙara ce cikin itatuwa, jaka ce abokiyar sa. Ko mai jan pulk ɗin ma ya kan goya ƙaramar jaka da rigar sanyi da shebur.

Shawara ta ga mai niyyar farawa ita ce kada ya yi gaggawar kashe kuɗi. DNT na da ɗakunan kwana sama da 500 a faɗin ƙasar, kuma wajen watan Maris zuwa Afrilu ana kakkafa rassan itace a kan manyan hanyoyi don nuna hanya. Ya fara da kwana a ɗaki, da jakar aro, ya ga abin da ya yi amfani da shi da abin da ya dawo da shi a naɗe. Daga nan ya kwana a tanti kusa da tasha, inda in abu ya ɓaci zai iya komawa. In ya yi haka sau biyu, zai san nauyin kayan sa da yawan su, kuma ranar da ya shiga kanti ba mai sayarwa ne zai zaɓar masa ba.