Tsohuwar Kyamarar Mai Hoto

A tarkacen 'yan gwanjo akan ci karo da tsohuwar kyamara Yashica mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama. Fim ɗinta hoto 12 kacal yake ɗauka, shi ya sa mai hoto sai ya auna haske, ya gyara maka zaman hula, ya ce kada ka motsa, sannan ya danna. Daga nan sai jiran wanki. Yau waya na ɗaukar ɗaruruwa, amma nawa muke waiwaya? Wataƙila haka ɗan Adam yake: abin da ya jira, shi yake adanawa. Gaggawa ta ba mu yawa, ta rage mana kula.